Sitacin Ƙawayen Amarya

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin auren Rifkatu ba. Ko na so in manta ma babu hali, hoton yana nan rataye a falonta.

Rifkatu 'yar ƙanen Babana ce, tare muka tashi a Dayi, tare muka gama sakandare. Angonta ɗan Funtua ne, danginsa kuwa irin mutanen nan ne da sai sun kalli takalminka kafin su amsa gaisuwarka. Abu ɗaya ta roƙe mu, mu ƙawayenta shida: "Don Allah ku fito fes. Kada su koma gida su ce 'yar ƙauye suka ɗauko." Ta ce a kai ɗankwalayenmu wurin mai wanki da guga a Malumfashi. Na yi tsalle na dire. Na ce mutumin nan sai ya yi mako bai taɓa kayan mutum ba, a ba ni kawai, me ke cikin sa sitaci? (Ni haka nake. Ko layin famfo ba na iya bi, sai in ajiye bokiti in tafi in dawo sau uku.)

Aka tara mini su, ni kuma na watsar har ranar Juma'a da azahar. Na buɗe gwangwanin sitacin rogo, wayam! A gidanmu sitaci ba ya daɗewa. Mama ta shafa wa jikanta a wuya saboda ƙurajen zafi, ta barbaɗa a zaninta inda manja ya ɗiga, Baba kuma ya dama sauran ya manne bangon littafin waƙoƙinsa na coci. Na ruga shagon Malam na bakin titi, na tarar a rufe, ya tafi masallaci. Awa ɗaya kacal zan jira ya dawo. Awa ɗaya! Ni?

Ina shiga gida idona ya faɗa kan robar kamun Mama. Koko take sayarwa da safe, na farar masara, ga shi ya kwanta luf, fari tas. Na ce ai a makaranta an koya mana, na rogo da na masara duk sitaci ne. Na yanko guntu mai kyau, na dama, na sheƙa tafasasshen ruwa, na sirka, na tsoma ɗankwalayen ɗaya bayan ɗaya na shanya. Zafin bazara ne, kafin la'asar sun bushe. Da nake guga na yi ta atishawa, na ɗora wa hayaƙin gawayi laifi. Suka tsaya ƙyam kamar kwali. Har hoto na ɗauka na tura wa amarya: "Kin gani? Ina mai gugan naki?"

Abu ɗaya na manta, alhali ni ce mai kai wa Mama niƙa.

Washegari coci ta cika maƙil, babu wuta, fankoki sun yi tsit. Mu shida muna jere a gaba, kowa na ganinmu, dangin ango suna hannun damanmu. Fasto ya fara wa'azi, zufa ta fara tsattsafowa. Can sai na ji goshina yana ɗan zugi. Na ce ɗauri ne ya yi tsauri. Zugin ya koma bayan kunne, ya sauka ƙeya. Na gyara zama. Na sake gyarawa.

Saratu da ke kusa da ni ta zungure ni. "Ke, kanki yana cizo?"

"Yi shiru, ana kallonmu."

"Wallahi kamar an zuba mini tururuwa."

Na saci kallon sauran. Laraba ta cije leɓe tana kaɗa ƙafa. Talatu ta cusa yatsa ƙarƙashin ɗankwali tana yi kamar gyarawa take. Da zufar ta gangaro cikin ido kuwa, shi ke nan, hawaye shar-shar, mu duka shida, har da jan majina. Na ji wata uwa 'yar zumuntar matan coci a bayanmu tana cewa, "Allah sarki, ƙawayen kirki, dubi kukan rabuwa." Fasto ma sai da ya dakata ya nuna mu, ya ce matasa su koyi ƙauna irin wannan. (A lokacin ƙaunar da nake yi ita ce ta randar ruwan sanyi.)

Da ƙyar muka kai ƙarshe. Ina shirin arcewa mai hoto ya tare mu a ƙofa, wai ƙawaye da dangin ango. Aka tsayar da ni gefen kakar ango, wata 'yar tsohuwa mai sanda. Ta shaƙi iska. Ta ƙara shaƙa.

"'Yar nan, sunkuyo."

Na sunkuya. Ta dangwali bakin ɗankwalina da ya jiƙe, ta kai yatsa baki. Kunnenta ya yi nauyi, don haka ba ta san magana a hankali ba.

"Citta. Kanumfari. Masoro. Barkonon ma ba a yi rowa ba. Wa ya dama muku koko a ka?"

Kawuna biyar suka juyo kaina. Saratu ta fizge nata, ga jan layi raɗau a goshi daga kunne zuwa kunne. Daga can baya kuma muryar Mama ta taso: "Au! Shi ya sa na ga kamuna da rami!"

Dariya ta ɓarke har bakin titi. Ni ba dariyar ce ta kashe ni ba, fuskar Rifkatu ce. Abu ɗaya ta roƙa, ga shi a gaban surukanta na mai da ƙawayenta kwanon karin kumallo.

Tsohuwa ta buga sanda a ƙasa. "Dariyar me kuke yi? Shekara nawa na yi ina sai da koko a bakin tasha? Da shi na yi wa uban yaron nan makaranta." Ta kama hannun Rifkatu. "Gidan da ake kamu irin wannan, ai mun yi dacen surukai. Ina mai shi? Ta zo mu gaisa."

Na ga gwaggon ango, wata mai leshi da ta fi kowa ɗaga hanci, ta sunkuyar da kai tana kallon takalminta.

Duk da haka sai da Rifkatu ta yi mako biyu ba ta ɗaga wayata ba. Saratu kuwa har yau Uwar Yaji take ce mini, ko a gaban baƙi.

Ban ce na daina gaggawa ba, ƙarya babu kyau. Amma yanzu in na tarar Malam ya tafi masallaci, ina samun benci in zauna. Kuma duk abin da zan ɗora wa mutane a ka, sai na fara ɗanɗana shi.