Muryar Kogin Neja

Na sauka Head Bridge, bakin gadar Kogin Neja, da sassafe, rikoda a rataye, iyafis a kunne, ina ji da kaina. Na riga na cika wa 'yan majalisarmu baki cewa zan ɗauko musu muryar Kogin Neja tsantsa, fasahar da sai mai zurfin tunani ke ganewa.

Duk faɗin bakin kogin nan, sai na je na kafa makirufo a bayan rumfar masu albasa, 'yan garinmu.

Alhaji Sule, abokin mahaifina, ya fara leƙowa. "Ɗana, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya gajiya?" Wa ya isa ya ce wa Alhaji ya yi shiru? Na amsa. Sauran dattawan suka biyo layi. Na ce a raina, ai kogi ya fi ƙarfin 'yar gaisuwa.

Da yamma na tara majalisa, ban ko saurari abin ba tukuna. Na ce kowa ya rufe ido, ya bar ruwa ya yi magana. Na danna.

"LAFIYA LAU, BABA! SUNA LAFIYA! BA GAJIYA!"

Ashe mai iyafis a kunne ihu yake yi. Kogin bai samu ya ce uffan ba.

Maƙwabcinmu Oga Emeka, ido a rufe, ya ce, "Malam, dis river sabi Hausa o." Wato wai kogin nan ya iya Hausa.

Har yau in na bi ta wajen, masu albasa ba sa gaishe ni. Ruwa suke leƙawa su ce, "Neja, ya iyali?" Sannan su juyo, suna jiran in amsa.