Ranar da na ceci Mma daga tafiya

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da na bi mahaifiyata asibiti ba, ko da yake na so ƙwarai in manta.

Mma ta shekara talatin tana dafa shinkafa da wake a kan itace a unguwar Aboabo, hayaƙi ya cinye mata huhu. Tun da aka sallamo ta daga asibiti na hana ta ko ɗaukar buta. Ni ce 'yar kirki, ai kowa a layinmu ya sani (ni na gaya musu). Burinta ɗaya ne: ta taka da ƙafarta ta gaida yayarta, Mma Azara, wadda ke kwance gida bakwai daga namu. Na ce in kai ta a babur, ta ce ba a gaishe da babba a goye.

Yayana Fuseini ne ke kai ta ajin motsa jiki da koyon numfashi na masu ciwon huhu. Ranar yana Sagnarigu, sai na kai ta, na tsaya ajiye babur.

Ina shigowa na hango Mma a baranda, ta dafa bango, tana huci, ta tsuke baki. Wata nas tana tsaye da agogo a hannu, tana kallonta kawai! Na fizgi keken marasa lafiya, na sheƙa da gudu, na danna Mma a ciki. Sannan na juyo kan nas ɗin da Hausa, na ƙara da Dagbani, na rufe da ɗan Turancina na kasuwa. Har uwarta na tambaye ta ko tana da ita.

Ta bari na gama. Ta ce, "Anti, gwaji ne. Minti shida take tafiya mu auna. Saura minti ɗaya, kuma ba ta taɓa kai nisan yau ba. Hutawa take yi yadda muka koya mata."

Tsofaffi takwas a kan benci suna kallona. Mma ta ɗago kai ta ce a hankali, "Wata shida kina ɗauke min tafiya a gida. Nan ma kin biyo ni?"

Na buɗe baki in ba da haƙuri, numfashi ya ƙi. Gudu da masifa sun gama da ni. Mma ta tashi daga keken, ta zaunar da ni a ciki, ta dafa bayana.

"Ja ta hanci, kamar kina sansana miya. To fitar a hankali, kamar kina hura koko."

Wani tsoho ya ce, "Yauwa, sabuwar ɗaliba ta zo!" Aka yi dariya har wasu suka kama tari. Ni kuwa na yi kuka, ba don kunya kaɗai ba. Rabon da hannun Mma ya lallashi bayana tun ina firamare.

Bayan sati biyar ta taka zuwa gidan Mma Azara. Sau uku ta tsaya ta dafa bango. Ina biye da ita, na naɗe hannuwana biyu cikin mayafi don kada su yi halinsu. A nan na gane cewa ita ta riga ta koyi numfashi, ni kuwa barin ta ta yi kayanta har yanzu ina aji ɗaya.

Da ta durƙusa a bakin gadon yayarta, ni ce nake haki.