Tasi'u Mai Allo Biyu

Duk wanda ya san layin teloli a kasuwar Funtuwa ya san Tasi'u Dizaina. In ma ba ka san shi ba, tsaya minti biyu a ƙofar shagonsa, shi da kansa zai gabatar maka da kansa. Sana'arsa zanen wuyan riga a kwamfuta, irin wanda ake ɗora wa keken surfani ya yi ta ɗinkawa shi kaɗai. Zanen kuwa, tsakani da Allah, yana da kyau. Bakin ne matsalar. Zai ce maka a mafarki zane ke zo masa. Zai ce wani attajiri a Kaduna har ƙwalla ya yi da ya ga aikinsa. Ni shagona na zare da maɓallai manne yake da nasa, don haka kunnena ya fi na kowa shan wahala.

Ana saura wata guda Sallah sai ga shi da tabulet, faffaɗa kamar farantin shayi. Ya jona ta da kwamfutarsa da wata 'yar igiya, ta zama allo na biyu. Ranar babu wanda ya huta a layin nan. Ya tara mu, ya ja zane daga kwamfuta, suuu, ya faɗa cikin tabulet. Ya ce haka manyan ƙwararru ke aiki: kwamfuta ta kalli mai aiki, tabulet ta kalli kwastoma, kowa da abin da yake gani. Hoton kuwa tar, ko silin zare sai ka ƙirga. Wannan kam ban ƙaryata shi ba.

To, akwai Alhaji Mamuda, dattijo mai kekunan surfani shida. Yana neman mutum ɗaya da zai riƙe masa zanen aikin Sallah gaba ɗaya, in an ji daɗin juna a ɗore. Wanda ya samu wannan aiki ya haye. Sharaɗinsa ɗaya ne: mai zanen ya iya zana sabo nan take a gabansa, don kwastomominsa akwai tsirfa. Tun kafin Alhaji ya tako, Tasi'u ya gama shaida wa layi cewa aikin nasa ne.

Ranar da Alhaji ya zo, Tasi'u ya fesa turare har muna atishawa. Ya kira ni wai in zo in ga yadda ake aiki. Na zauna a benci kusa da Alhaji, tabulet na kallonmu, shi kuma yana can bayan tebur da kwamfutarsa. Ya fara jero zanuka, Alhaji na gyaɗa kai. Can Alhaji ya ɗaga hannu zai gyara babbar riga, sai hannun rigar ya ɗebo igiyar nan, fit! Allo ya yi baƙi ƙirin.

Tasi'u ya yi dariya, ya ce ƙaramin abu ne, ya miƙo hannu ta saman tebur ya mayar da igiya. Allo ya dawo. Amma fa ba yadda yake da ba. Yanzu duk abin da ke kan kwamfutar Tasi'u shi ne a gabanmu, sak. Gogan bai zagayo ya duba ba. Ina, ai ƙwararre ba ya leƙe.

Alhaji ya ce ya ga zanukan da ke ajiye, yanzu sabo yake so: aska takwas irin ta manyan riguna, amma a ƙanƙance ta yadda za ta zauna a wuyan kaftani. Tasi'u ya ce minti biyar ya yi yawa. Ya lumshe ido, ya ɗora yatsa a goshi, ya ja numfashi. Sannan ya hau danne-danne, ƙwas ƙwas ƙwas.

Mu kuma a ɓangarenmu sai muka ga wasap ya buɗe. Suna a sama, Yaya Turai, da lambarta. Yayarsa ce da ke aure a Tudun Wada. Rubutu ya fara fitowa ɓaro-ɓaro: "Yaya ki rufa min asiri, aska takwas ƙarama, yanzun nan. Tsohon yana gabana."

Ba a jima ba amsa ta shigo: "Tuwo nake tuƙawa. Wai sai yaushe za ka fara gaya wa mutane ni ke zanen nan?"

Na yi gyaran murya. Na yi tari. Na buga ƙafa a ƙasa, na ƙifta ido har ya fara min zafi. Tasi'u ya ɗago a fusace ya ce, "Malam Habu, in tari ne ka fita waje, kana kore min basira." Alhaji kuwa hannu kawai ya ɗora a gwiwata ya matsa. Na haɗiye tarina.

Tasi'u ya ci gaba da rubutu: "Ki bari sai bayan Sallah. Wannan tsohon ko rediyo bai iya kamawa ba, duk abin da kika turo cewa zai yi ya yi." Da baki kuma yana cewa, "Ranka ya daɗe, yanzu askar farko nake fitarwa."

"Sannu da ƙoƙari, ɗana," in ji Alhaji.

Wallahi tausayinsa ya kama ni, ga kuma dariya tana cina, zufa har cikin hula. Alhaji ya laluba aljihu ya fito da 'yar wayarsa mai madannai. Ya kalli allo, ya danna. Ya kalli allo, ya danna. A nitse, ba gaggawa.

Can zane ya shigo, kuma ya yi kyau ƙwarai. Tasi'u ya sauke ajiyar zuciya, ya share goshi kamar wanda ya sauke buhun masara, ya ce a shirya gani. Ya kama zane zai ja shi zuwa tabulet, zane ya tsaya a bakin allo, ƙiƙam. Ya sake ja, ya ƙi. Ya yi tsaki, ya taso ya zagayo wajenmu don ya ga abin da ya hana.

Ya gani. Hirarsu ce tun daga farko har ƙarshe, kowane harafi tsaf. Bakinsa ya buɗe, ya kasa rufuwa. Ya dube ni, na dubi rufin shago.

Alhaji ya ɗaga masa hannu alamar ya ɗan saurara, don waya na kunnensa, tana shiga.

"Salamu alaikum. Malama Turai ce? Tsohon ne. In kin sauke tuwon, ina da aiki."