Duwatsu Bakwai na Lurwanu Na-Pari

Keita ba ta taɓa haifar ɗa kamar Lurwanu ba, kuma shi da kansa ya fara shaida mana haka. Wata huɗu ya yi a Faransa, ya dawo da gemu, da tabarau, da ilimin da ya fi ƙarfin garin. Muka sa masa Na-Pari, da sunan babban birninsu, ya karɓa kamar lambar girma.

A 1986, wata Talata, aka ba ni rajistar gasar gwaninta ta samariya, ƙungiyar matasan gari. Wanda ya ci, shi ke da wuri a kamiyo, babbar motar da za ta kai gwanaye birnin Tawa. Na-Pari har ya ɗinka rigar tafiya. Rajistar gida biyar gare ta: zane, sassaƙa, saƙa, waƙa, wasan kwaikwayo. Ya leƙa, ya yi dariyar tausayi.

"Sakatare, waɗannan gidajen kurkuku ne. Aikina sassaƙa ce da ba a sassaƙa ba, waƙa ce marar murya. Turai ta rushe katangun nan tuntuni."

Na tambaye shi inda zan rubuta sunansa. Ya ce a kan layin da ya raba gidajen. Na ƙanƙance rubutu, ya shiga.

Aikin dai duwatsu bakwai ne jere a filin lakwal, makarantar boko. Kwana uku yana gyara zaman na huɗun. Ya ja da baya, ya kanne ido, ya dawo ya matsa shi da ɗan yatsa.

Ranar Asabar da hantsi alƙalai suka iso, suka tarar da fili fetal. Ashe Tabawa, shugabar matan da ke jera duwatsu a tudu don tare ruwa, ta bi ta nan da ayarinta.

"Naka na, Mushe?" in ji ta, "Malam" ke nan da Faransanci. "Mun ishe su zaune ba aikin komi. Na tsakkiyar ma ya toshe muna wata kafa daidai."

Da wani ne, da ya ɗora hannu a ka. Na-Pari tabarau ya gyara.

"Madalla. Yanzu aikin ya cika. Dutse gangar jiki ce kawai. Gwaninta tana cikin tunani, tunani kuwa ba ya bukatar dutse, ba ya bukatar ɗauka."

Alƙalai suka yi ƙus-ƙus. Babbansu, Alhaji Kalla, ya ce ba su taɓa ganin aiki irin wannan ba, har yanzu ma ba su gan shi ba, don haka sun ba shi na ɗaya. Na-Pari ya rusuna gabas, ya rusuna yamma.

"Tunda aikin ba ya bukatar ɗauka," Alhaji ya ƙara, "sakatare ya rubuta shi a sa a ambulan. Wurin kamiyo a ba na biyu, Bawa mai gurmi."

Da na rubuta aikin, layi biyu ya ci. Direba ya ninke shi, ya tafi da shi Tawa a aljihu.