Kaka Arlene Na Neman Jiha

"…da kwanan gajiya? Au, ashe kina nan da ranki, tsohuwa! Da na ga rana ta fito ƙofa na rufe, har na fara murna na gaji mota."

"Ka fara gadon sabulu tukuna. Tun kana bayan dutsen can hancina ya ba ni labarin kana tafe."

Gaisuwar Tobin da kakarsa Arlene ke nan kullum safiya, ni kuwa da motata ke fake tsakanin tasu ba ni da wurin gudu. A hamadar Arizona muke, watan Janairu, inda mu da motocinmu ne gidajenmu muke taruwa mu jira sanyi ya wuce. Shekarata tara a cikin mota, na ga masu faɗa iri-iri, amma waɗannan biyun sai dai a sa musu ido.

Tobin ya wuce talatin, ya fi shekara biyar a hanya, aikinsa a kwamfuta yake. Ita Arlene shekararta saba'in da shida. Mijinta Lyle ya rasu bara, ta sayar da gidansu na Minnesota, ta sayi farar bas ta kafa gado a ciki. Matsalar ita ce lasisin tuƙinta zai mutu ranar haihuwarta, saura kwana goma sha biyu, kuma ba a sabuntawa sai da adireshi. 'Yarta Gwen, uwar Tobin, ta ce za ta ba ta nata adireshin, amma da sharaɗin ta dawo ta zauna a ɗakin bayan gida, ta miƙa makullin mota. Ran da Arlene ta ba ni labarin nan, cike take da haushi, ni ma sai da raina ya ɓaci.

To ranar da nake ba ku labari, Tobin ya zo da taswira ya shimfiɗa a kan teburina, ba tare da ya ce mini ko sannu ba, ya danne kusurwarta da kofin gahawata.

"Yau sai kin zaɓi jiha, Kaka. Guda uku ne kowa ke zuwa, don ba sa taɓa kuɗin fansho. Ga Florida."

"Florida? Ɗakin jiran lahira? Duk tsohon da na sani ya tafi can, katin gaisuwa biyu ya aiko aka daina jin ɗuriyarsa."

"Ai da sa'anninki za ki haɗu."

"Sa'annin uwarka dai. Ga kada a bakin titi, ga sauro kamar tantabaru, ga guguwa mai ɗaga mota ta kai ta teku."

"Ke kada zai ci? Me zai samu? Ƙashi da mita?"

"Kai kuwa in ya haɗiye ka sai an kai shi asibiti. Wuce gaba."

Ya zame yatsa ya koma hagu. "Texas."

"A'a."

"Ko dalili babu?"

"Ƙanwar kakanka, Verna, tana can."

"Kaka, Texas fa sai ki wuni kina tuƙi ba ki fita daga cikinta ba. Ina za ki ga Verna?"

"Ba ka san Verna ba. In na sa hannu a takarda da safe, kafin azahar tana tsaye bakin motata da kwanon taliyar nan tata mai kama da siminti. Shekara hamsin ina ci ina cewa ta yi daɗi saboda kakanka. Yanzu ya tafi, na huta."

Sai ya gyara zama, ya yi wani murmushi irin na dillalin tsohuwar mota. "To shi ke nan, saura jiharmu. Dakota ta Kudu."

"Jiharku? Ku da wa?"

"Ni ɗan can ne. Duba lambar motata."

"Ɗan can! Ina tsaye aka haife ka a Duluth ta Minnesota, da kai kamar kabewa, har unguwarzoma ta kira 'yar'uwarta ta zo kallo. Kwana nawa ka taɓa yi a Dakota?"

"Ɗaya."

"Ɗaya!" Ta juyo gare ni. "Bernadette, kina jin ɗan ƙasa?"

Na ce ina ji, amma kada a sa ni a ciki, don ni ma lambar can ce a motata, kuma ni ma kwanan nawa ɗaya ne.

Tobin ya ce, "Ai daɗin abin ke nan. Ki kama hayar akwatin wasiƙa, su riƙa tura miki wasiƙunki duk inda kike. Ki kwana ɗaya a wurin da ake biya, a ba ki rasit da sunanki. Da safe ki kai ofishin lasisi, a ɗauke ki hoto, kin zama 'yar jiha."

"Ka ce in zama 'yar akwati. Mata su tambaye ni ina gidanki, in ce lamba kaza, shiga da ƙafar dama, kada ki taka ambulan."

"Ai ya ishe ki. Kullum ƙanƙancewa kike yi. Nan da shekara biyu da kan sarki ɗaya za a aika ki."

"Kai kuwa ko kyauta aka aika ka sai an dawo da kai. Gaya mini, me suke ci a jihar taku?"

"Abinci."

"Sunan maƙwabcinka?"

"Lamba ɗari huɗu da goma sha uku."

"Mutumin kirki ne?"

"Bai taɓa damuna ba."

Dariya ta so ƙwace mata, ta danne ta da tari. Sannan ta buga taswirar da tafin hannu. "Kai, ka san wane wata muke ciki? Janairu! Shekara saba'in da biyar ina kwasar dusar ƙanƙara da shebur. Na gudo nan na fara jin yatsun ƙafata, yanzu ka ce in yi tuƙin kwana uku in koma cikinta don in kwana ɗaya?"

"Otal ma ana karɓar rasit ɗinsa. Akwai ɗumi."

"Tun da na bar gida ban biya kowa don in rufe idona ba, kuma ba zan fara ba."

"Rowa dai! Haka kika yi ta ba mu alewar Kirsimetin bara a Kirsimetin bana."

"Kuma ka shanye, har da takardar."

"Kaka, mu tashi gobe da sassafe. Zan raka ki ma, don tausayi. In zauna a gefe, in riƙe miki taswira."

Nan ne ta tsura masa ido. Duk wanda ya san Arlene ya san kallonta ya fi masifarta haɗari. Ta sauke tabarau zuwa kan hanci ta dube shi, ta dubi shuɗiyar motarsa da ke can gefe, ta sake dubansa.

"Ka zauna a gefe," in ji ta. "Kai. Da ka ce tuƙina kamar na mai neman kuɗin da ya yar a titi."

"Ai girmamawa ce."

"Yaushe ka fara? Bernadette, yaushe rabon da ki ga motar yaron nan ta motsa?"

Na ce ni ba na sa ido a kan mutane, amma tun ranar da muka yanka masa kek ɗin haihuwa ba ta gusa ko taku ɗaya ba, sati uku ke nan jiya.

"Mai ya yi tsada," in ji Tobin.

"Ɗebo ruwa, 'Kaka, in bi ki.' Zubar da shara, 'Kaka, in bi ki.' Ina ta murna jikana ya fara ƙaunata. Shekaranjiya na ga ɓeran hamada yana shiga injinka da ciyawa a baki, ya ma kawo iyalinsa. Ba ni walat ɗinka."

"Babu kuɗi a ciki."

"Wannan na sani tun kana makaranta. Miƙo."

Ya duba hagu, ya duba dama, babu mai ceto, don ni na riga na gyara kujera. Ya miƙa. Ta zaro katin lasisinsa, ta nisanta shi da ido, ta matso da shi, ta karanta kwanan watan da ƙarfi yadda har mutanen motar can gaba suka leƙo.

"Ya mutu! Tabɗijam! Lasisin ɗan ƙasa ya mutu sati uku!"

"Suma ya yi."

"Ya mutu, har ya fara wari! Ashe duk wa'azin nan direba kake nema?"

"Ai shekara biyar suke bayarwa, sai mutum ya koma ya sake kwana ɗaya. Na ɗauka badi ne."

"Ba su aiko maka takarda ba?"

"Sun aiko."

"Tana ina?"

Ya sosa ƙeya. "Tana cikin akwatin. Na manta ban ce su turo mini wasiƙu ba tun watan Agusta."

Jama'a, na yi dariya har gahawa ta fito mini ta hanci. Mutumin da ke tara sababbin shiga a bakin wuta yana koya musu dokokin jiha-jiha, ashe shi kansa a ƙafa yake. Arlene kuwa ta miƙe tsaye ta riƙe ƙugu.

"Wato kai kana da adireshi ba lasisi, ni ina da lasisi ba adireshi."

"Kin ga in aka haɗa mu mun zama mutum ɗaya cikakke."

"In aka haɗa mu an ɓata ni. Me zai hana in tafi Texas in bar ka nan kai da ɓerayenka?"

"Verna."

"To Florida."

"Kada. Kaka, ki rufa mini asiri. In Mama ta ji, ni ma ɗakin bayan gidan za ta kira ni. Gado mai hawa biyu za ta saya mana."

"Allah ya kiyaye! Kai da munsharin nan naka?"

"Ni ne sama, ke ce ƙasa."

Ta koma ta zauna. Ta buɗe jakarta ta ciro nata katin, ta ajiye kusa da nasa a kan taswira. Ta daɗe tana shafa rubutun da babban yatsa, kuma da ta yi magana muryarta ta sauka.

"Shekara arba'in da takwas adireshin nan ne a katina. Kakanka da hannunsa ya kafa lambar a jikin ƙofa, ya kafa ta a karkace, na yi ta mita bai gyara ba. Gidan na sayar, ban yi kuka ba. Amma in na miƙa musu katin nan, ba sauran takardar da ta ce na taɓa zama a can. Abin da ke cina ke nan, ba sanyi ba."

Na ji tausayinta. Tobin ya sunkuyar da kai, abin da ban taɓa gani ba. Can ya ce, "Ni na san kin zauna. Har yanzu akwai tabon murhunki a gwiwar hannuna."

"Wa ya ce ka sa hannu a tukunyata?"

"Yunwa. Ba kya ba mutum abinci sai ya yi addu'a mai tsawon huɗuba."

Sai dariya ta ƙwace mata gaba ɗaya, ta yi ta yi tana share ido da gefen riga. Ta shiga motarta muka ji tana jan akwatuna, ta fito da wata tsohuwar hular gashi mai rufe kunnuwa ta jefa masa a ƙirji.

"Ungo, ta kakanka ce. Rufe kunnuwan nan naka masu kama da faranti, kada sanyin jiharku ya karya su in sha surutun uwarka. Gobe da asuba. Ni ke tuƙi, ni ke zaɓar waƙa, kai ke wanke kwanuka. Bernadette za ta duba maka mota."

Ban ce zan duba ba, amma wa ya tambaye ni?

Tobin ya kifa hular a kai cikin ranar nan ta hamada, ya ciro waya ya fara cika mata takardar akwatin. Ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Ka ce lambarka nawa?"

"Ɗari huɗu da goma sha biyu."

"Tambaye su ko na kusa da kai babu kowa."

"Kaka, akwati ne fa. Ba wanda ke zaune a ciki."

"Na sani, sakarai," in ji ta. "Ka dai tambaya."