Yadda Za Ka Auro 'Yar Shandong Ba Tare da Ka Haɗiye Ƙwandala Ba

Kai ɗan kudu da zuciya ta kwashe ka ta jefa arewa, matso kusa. Idan ka bi matakan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, na yi maka alkawari uban yarinyar da kansa zai ce ka zo ka ɗauka. Hanyar nan ba ta taɓa ba da kunya ba. Sau ɗaya aka gwada ta, a kan ɗan ƙanwata Kuang Jinrong, ga shi can da aurensa. Kada ka damu don ban taɓa ƙetare kogin Yangtze ba. Shekara hamsin da takwas ina zaune a Foshan, nan kudancin ƙasar Sin, ina jin labarin mutanen arewa, na san su kamar yunwar cikina.

Jinrong shi ke riƙe da gidan shayin ubansa. Ya ga wata malamar asibiti mai suna Yanling, 'yar wani ƙauye a lardin Shandong, can arewa, ya rikice. Ubanta, tsoho Luan, ya aiko da magana guda: a kawo yaron bikin sabuwar shekara ya gan shi. In bai kwanta masa ba, 'yarsa ta tattaro kayanta ta dawo gida, asibiti bai ƙare a arewa ba.

Mataki na ɗaya: Ka tafi da bishiya

Gidan da babu tukunyar bishiyar lemo a bakin ƙofa bai shiga sabuwar shekara ba, kowa ya san wannan. To ka je kasuwar furanni ka zaɓi wadda ta fi 'ya'ya, ka rungume ta a jirgin ƙasa. Ni na raka Jinrong muka zaɓa, har na sa shi ya bar rigar sanyi a gida, don surukai kwat suke son gani.

Daga tasha zuwa ƙauyen, a bayan wata motar ɗaukar kabeji, sanyi ya gama da bishiyar. Ganyen ya yi baƙi, lemon ya yi tauri kamar tsakuwa. Tsoho Luan ya fito ƙofar gida, ya dubi tukunyar, ya dubi saurayin da haƙoransa ke haɗuwa.

"Yanling, icen girki ya kawo mana?"

"Baba, kyauta ce. Haka suke yi a can."

"To madalla. Shigo da shi ciki kafin shi ma ya bushe."

Ka gani ko? Tun ba a zauna ba an fara tausaya maka.

Mataki na biyu: Ka faɗa musu yadda ake yi a garin mutane

Mutanen arewa ba su da laifi, rashin sani ne. Abinci ɗaya suka sani, jiaozi: a murza fulawa, a ƙunsa nama da kabeji a ciki, a jefa a tafasasshen ruwa. Da shi suke tarar baƙo, da shi suke raka shi, da shi suke shiga shekara. Aikinka ne ka wayar musu da kai.

An zaunar da Jinrong a kan dakalin nan nasu da ake hura wa wuta ta ƙarƙashi, an lulluɓe shi da tsohuwar rigar audugar tsohon. Da jikinsa ya saki, sai bakinsa ma ya saki.

"Gwaggo, yaushe za a yanka kazar? Mu a wajenmu in babu dafaffiyar kaza da kifi da wainar shinkafa mai danƙo, ba a yi biki ba."

Uwar Yanling ta dakata da yankan kabeji. "Ku ba kwa cin jiaozi?"

"Muna ci mana, Gwaggo, da shayi, in ana jiran abinci."

Tsohon ya juya ga 'yarsa. "Kin ji ko? Abin da uwarki ta shekara arba'in tana yi, abin jiran abinci ne."

Idan ka ji ƙafar yarinyar ta sauka a kan taka da ƙarfi, alamar kana kan hanya ce.

Mataki na uku: Ka sa hannu a aikin da ba ka iya ba

Ranar jajibiri da la'asar gidan gaba ɗaya zai zauna naɗin jiaozi na gobe. Kada ka zauna kamar baƙo. Nannaɗe hannun riga ka ce ai ka girma a gidan abinci.

A gidan shayin Kuang akwai masu dafa abinci shida, saboda haka Jinrong bai taɓa taɓa ƙullu ba. Na Gwaggo suna fitowa sumul, a jere kamar 'yan makaranta. Nasa kuwa, wani da ƙusumbi, wani da kunne uku, wani ya toshe shi da faci. Ya yi wajen talatin kafin yayan Yanling ya kasa daurewa.

"Ɗan kudu, wannan kwaɗo ne ko takalmi?"

Gwaggo ta tausaya masa, ta ba shi kwanon tafarnuwa ta ce ya je madafa ya ɓare. Saboda haka ba ya nan lokacin da ta ciro wata ƙwandala ta rabin yuan daga ruwan zafi, ta sa a cikin jiaozi guda, ta ɗan matse gefensa don ta gane shi. Yanling ba ta taɓa yi masa zancen ƙwandala ba. A tunaninta babu ɗan ƙasar nan da bai san wannan ba.

Mataki na huɗu: In ka ciji ƙarfe, ka yi shiru

Wannan shi ne matakin da ya fi muhimmanci, kuma ni na koya masa shi tun yana yaro. Mutumin kirki ba ya tona asirin mai girki. Jinrong ya taɓa ganin ubansa ya sallami kuku saboda ɗan silin waya da wani ya tsinta a miya, kuma kukan mutumin bai taɓa fita daga ransa ba.

Da sassafe ranar ɗaya ga wata, wasan wuta na ta fashewa a ƙauye, aka jera farantai suna turiri. Jinrong ya tsoma jiaozi na huɗu a ruwan tsami, ya kai baki, ya ji ƙas! Ya laluba da harshe. Kuɗi ne. Baiwar Allah, tsufa ya sa kuɗin cefane ya faɗa mata cikin nama ba ta sani ba, kuma a gaban baƙo! Ya dubi Gwaggo, ya ga tana ta leƙen faranti hankalinta a tashe, sai ya tabbata ta gane ta yi ɓarna. Tausayinta ya kama shi. Ya tura ƙwandalar cikin kumatu, ya yi mata murmushi.

Mataki na biyar: Kada ka amsa tambayar kowa

Yanzu ba ka iya magana, kuma wannan alheri ne gare ka. Gyaɗa kai kawai.

Faranti na farko ya ƙare, na biyu ya ƙare. Yayan Yanling ya sassauta ɗamara. Matarsa ta fara huda kowane jiaozi da tsinke kafin ta ci. Tsoho Luan, wanda aka yi wa aiki a ciki watanni huɗu da suka wuce, likita ya ce ya riƙa cin kaɗan, ya wuce ashirin yana ci a hankali, gumi na tsattsafo masa.

"Tsoho, ya isa haka," in ji Gwaggo.

"Ƙaro."

"Likita fa ya ce..."

"Likita ne ya naɗa? Ƙaro, na ce." Ya ɗago ya dubi Jinrong. "Kai kuma ɗan kudu, jiya bakinka bai rufu ba. Yau lafiya?"

Jinrong ya gyaɗa kai, ya ɗaga babban yatsa.

Mataki na shida: In ta yafito ka madafa, ka bi ta

Yanling ta ja shi madafa, ta turo ƙofa. Idonta ya ciko.

"Ƙwandalar ta ɓata."

Ya ɗaga gira.

"Ta sa'a mana! Wanda ya cije ta, shekarar tasa ce. Shekara ashirin da shida Baba ke samunta, don Mama na yi mata alama ta sa masa a faranti, shi bai sani ba. Bana kwaɗinka sun cika tukunya, kowanne da matsattsen gefe, ta kasa gane nata. Tun da aka yi masa aikin nan take cewa in dai ya cije ta bana, zai ga baɗi. Kuma ba zai daina ci ba sai... Me ya samu kumatunka?"

Ya tofo ta a tafin hannunsa.

"Wayyo ni! Jinrong, ka kashe ni."

"Na zaci faɗa mata ta yi. Ban so ta ji kunya ba."

Sai ta ce, "To fita da ita. Ka ɗaga ta sama, a yi maka tafi, a huta. Ai kai ka samu."

A nan ne yaron ya kauce wa koyarwata, don ni da cewa zan yi ya karɓi tafinsa. Ya tambaye ta ko akwai sauran ƙullu. Akwai ɗan guntu a ƙarƙashin kwano. Ya wanke ƙwandalar, ya tafasa ta sau biyu, ya murza ƙullun da kwalba, ya naɗa. Abin da ya fito ya fi duk na jiya muni. Suka dafa shi tare da guda biyar da suka rage, Yanling ta kai, ta juya farantin yadda mummunan zai fuskanci ubanta.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ɗauka, ya ciza. Ƙas! Ɗaki ya kaure da ihu, yayan Yanling har da buga tebur, don shi ma cikinsa ya huta. Gwaggo ta juya baya tana goge ido da gefen riga.

Mataki na bakwai: In tsohon ya ce ku fita shan iska, shirya

Su biyu, shi da Jinrong, suka tsaya a tsakar gida, kusa da gawar bishiyar lemo. Tsohon yana juya ƙwandalar a hannu.

"Shekara ashirin da shida matata tana matse gefen mai ƙwandalar, ina yin kamar ban gani ba. Ka ɗauka ni yaro ne? Ita ce ba ta iya barci in ban samu ba." Ya yi tari. "Tun na huɗu na ga kumatunka ya kumbura. Na ce bari in ga iya gudun ruwan ɗan kudu. Ka kusa fasa mini ɗinki."

"Ban san al'adar ba, Baffa."

"Da farko ba ka sani ba. Da ka shiga madafa ai an faɗa maka. Sa'ar shekara guda tana bakinka, ka fito da ita ka ba tsohon da ya ce ka kawo icen girki." Ya sa ƙwandalar a aljihu. "Naɗinka dai abin kunya ne."

"Zan koya, Baffa."

"Wa kake ce wa Baffa? Baffanka yana Foshan. In za ka ce Baba ka ce, sanyi nake ji."

Jinrong ya ce da ni bai san lokacin da gwiwoyinsa suka kai ƙasa ba, cikin ƙanƙara, da kwat ɗinsa da komai.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. In haƙorinka ya karye, in ka haɗiye kuɗin mutane, in surukinka ya ci jiaozi hamsin aka kwashe shi sai asibiti, kada ka zo ƙofata, ban san ka ba. Kuɗin bishiya ma ba a mayarwa. In kuma ka faɗa hannun mutanen Fujian ko Sichuan, nasu daban ne, nemi wani gwanin.

Kada ka je wajen Jinrong ya koya maka naɗi. Shekara huɗu ke nan hannunsa bai gyaru ba, kuma Gwaggo ta hana kowa ya gyara masa. Idonta ya yi rauni yanzu, ba ta ganin ɗan matsin gefe. Kowace jajibiri guda ɗaya tak ake ba shi ya naɗa, da ƙwandalar a ciki, sannan a kore shi ɓarar tafarnuwa. Da safe tsohon ya ɗauki kwaɗonsa, ya ciza, ya ce shi dai bai san irin sa'ar da ke binsa ba.