Gaisuwar Mutuwar da Na Kai Dogarawa

Ku matso nan, ku ara mini kunnuwanku. Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai gaisuwar mutuwa gidan da ba a yi mutuwa ba. (Jikata Hadiza ce ke rubutawa, ni ko bihim ban sani ba. Na ce mata in ta rage wani abu, Allah na gani.)

Shekara da shekaru ina yi wa yara tatsuniya a Samaru, na san yadda ƙarya ke tafiya. Sai an saci abu, sai kura ta biyo, sai a kama mai laifi, a rufe. To wata Laraba da la'asar ina tsintar shinkafa, Hadiza na karanta wata takarda da ƙarfi. Wani mutum ne ke magana da bakinsa. Matarsa ta rasu. Ba wanda ya kashe ta, ba rigimar gado, ba asiri. Ya tashi da safe ya ɗora ruwan shayin mutum biyu. Ya ga takalminta a bakin ƙofa, ɗaya a kife, ya kasa gyarawa. Maƙwabcinsa ya shigo suka zauna har inuwa ta juya.

Na ce, "Sai me ya faru?"

Ta ce, "Ba komai, Kaka. Nan ya ƙare."

"Wa ya rubuta?"

"Malam Ishaku na Dogarawa, wanda ya koyar da ni a sakandare." Ta zura hijabi ta wuce lakca.

Na zauna da faifai a cinya. Haka na yi da maigidana ya rasu, wata uku ina cika butarsa. Na ce a raina, wannan ba ƙagagge ba ne, maƙaryaci ba ya barin labari haka ba kai ba gindi.

Washegari na yi dambu, na yafa mayafi, na shiga keke napep, ina tambaya har ƙofar gidan. (Ban gaya wa Hadiza ba. Haushinta ma nake ji, malaminta na makoki tana yawo da takardarsa.)

Wata mata ta fito da kumfar wanki a hannu. Na sunkuyar da kai na ce, "Ya haƙuri? Ke ce 'yar'uwar marigayiya?"

"Wace marigayiya, Mama?"

"Matar Malam."

Ta dube ni, ta dubi kwanon dambun. "Ni ce Saratu matar Malam. Ni kaɗai ce kuwa." Sai ta ɗaga murya: "Baban Bitrus! Fito ka ji, ashe na mutu!"

Da ƙasa ta tsage da na shige. Malam ya fito da jan biro a hannu, ya durƙusa ya ce, "Mama, ƙirƙira ce fa."

Na ce, "Ɗan nan, in za ka yi ƙarya ai sai ka sa mata alama."

Saratu ta ce Malam ya ɗauko mata takardar labarin, ashe ba ta taɓa ganinta ba. Tana karantawa tana dariya, can dariyar ta ɗauke. Ta share ido da bakin zane ta ce, "Ashe kana lura da takalmina." Muka zauna mu uku muka ci dambun. Marigayiya har ta ƙara.

Malam Ishaku na nan yana rubutunsa, amma sai Saratu ta duba kafin ya fita. Saratu lafiyarta ƙalau, duk Kirsimeti sai ta aiko mini da shinkafa, ta ce a gaya mini daga lahira ne. Hadiza ta gama karatu ba ta gama yi mini dariya ba. Ni kuwa na gane cewa labarin da ba a guje-guje a cikinsa shi ya fi saurin kamo mutum. Sai dai yanzu kafin in hura wuta nakan tambaya, "An kai gawa tukuna?"